Maraƙin da Na Ɗinka a Tchaké

Abubuwa da yawa na aikin nan sun shige mini, har da sunayen wasu shugabannina, Allah ya sa ba su nan kusa. Amma ban taɓa mantawa da ranar da shugabata ta iske ni zaune a ƙasa a wani gida na Tchaké, da basilla a hannu, ina ɗinka maraƙi ba. Ku da kuka shigo aikin kiwo kwanan nan, kuna yawo da jakar allura kamar da ita aka haife ku, ku matso ku ji.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Mayahi akwai babbar likitar dabbobi, wadda ta yi jami'a, muna ce mata Doktor. Mu ƙananan ma'aikata an rarraba mu garuruwa, kowa da ƙauyukansa. Aikinmu rigakafi, duba nama ranar kasuwa, zuwa inda dabba ta kwanta, sannan ƙarshen wata mu aika rahoto. Mutanen ƙauye ba ruwansu da wannan bambanci. Duk wanda ya zo bisa moto da jaka, likita ne. Likitan da ya tashi bai yi allura ba kuwa, a wurinsu gaisuwa kawai ya zo yi.

Da bazara ne, ana sharar gona. Wata safiya wani mutum ya tsaya ƙofar biro, wato ofishinmu, da moto mai ƙara kamar injin niƙa. Alhaji Lawali ke nan, ɗan Tchaké da ke kasuwancin hatsi a Tasawa, ya zo gida ya ga an gyara gonaki kafin ruwa ya sauka. Mutumin kirki ne, yana son mahaifiyarsa ƙwarai, sai dai irin son nan na mai sauri, wanda in ka ce kanka na ciwo kafin ka rufe baki ya sayo magani kala uku.

Ko gaisuwar ba mu ƙare ba ya ce, "Likita, allura mai ƙarhi nika so. Wadda ta hi wagga." Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya aza mini bisa tebur.

Ositosin ce. A bakin kasuwa ya saye ta, wurin masu baza magani a faranti.

Ga yadda abin yake. Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana da jar saniya guda, Kyauta. Jikar jikar saniyar da uwar Iya ta ba ta ce lokacin da aka kai ta ɗakin miji, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan zuri'a. Kyauta ta haihu, maraƙin ya kamu da zawo, da aka ga ba zai tashi ba aka yanka shi. Tun ranar saniya ta riƙe nononta. Kun san shanunmu, ba irin na Turawa ba ne da ake sa wa inji. In ba su ga ɗansu a gaba ba, ko hantsar ta cika ta yi tam, ba za su saki ba. Sai wani ya gaya wa Alhaji akwai allurar da ke sa madara ta zubo. Ya gwada, ta zubo kamar an buɗe famfo. Daga nan kullum safe da yamma sai ya hau moto daga gidansa zuwa na Iya, tafiyar da ko tsohuwa ba ta tsayawa hutu, ya caka wa saniya allura. Da farko ƙwarya na cika. Sannu sannu ta koma rabi. Ya ninka maganin, ta ƙara raguwa.

Ya ce, "In taka ma ba ta yi ba, ran kasuwa mahauci za ya ɗauke ta. In saya ma Iya awaki da madarar gwangwani, kowa ya huta."

Na ɗauki jaka muka tafi. Iya Tabawa 'yar ƙaramar tsohuwa ce marar yawan magana. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana," amma idonta na kan saniyar. Na yi abin da littafi ya ce. Na auna zafin jiki, lafiya. Na taɓa hantsa ko akwai zafi ko ƙullutu, babu. Na matso ɗigo a tafin hannu in ga ko akwai jini ko gudaji, fari tas. Madara na nan cike, hanya ce ba a buɗe ba. Da na shafa wuyanta da cinyarta sai na ji duk kumburi, wurin da allura ta yi ta shiga. Alhaji ya matso zai nuna mini inda yake cakawa, saniya ta ɗauki rawar jiki, ta matse wutsiya, ta ja igiya har turke ya motsa. Iya ta ce a hankali, "Da ta ji motonai tun daga nesa haka taka yi."

Na ce wa Alhaji mu koma zaure. Na san in na ce masa kai tsaye ba zan yi allura ba, zai ce an aiko musu likitan da bai ƙare karatun lekol ba.

Na ce, "Alhaji, in baƙo ya zo gidanka da saƙo, cikin gida yaka hwaɗawa?"

"Wane shi! Sallama za ya yi."

"Wa ka amsawa?"

"Tsohon da ke zamne zaure."

"To jikin saniyar ga gidaje ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Cikin hantsa akwai waɗanda aikinsu matse madara ta hito. Saƙon matsewa daga ƙwaƙwalwa yaka tasowa, ya biyo jini, ya tsaya ƙohwa ya yi sallama. Ba ya shiga. Tsohon zaure ya ji, ya juya ya taɓa wanda ke zamne bayanai ta ciki. Wannan ya tashi da gudu ya sa a buɗe rumbu, gida ya kama aiki, madara ta zubo. In ya isar da saƙo da kainai yaka komowa ya zamna, ya jira wata sallama."

Alhaji ya ce, "To ai sallamar nika yi da allura."

"Sallama kaka yi, amma da lasifika, sahe da yamma, ba hutu. In wani ya kahe lasifika ƙohwar gidanka, mi za ka yi da tsohon zaure?"

Ya ce, "In shigo da shi ciki, kar a kurmanta min shi."

"Haka jiki ya yi. Ya janye tsohon. Yanzu ko ka ninka ƙara, babu mai amsawa."

Ku da kuka yi karatu kun gane inda na dosa, amma bari in sa wa kowa sunansa, don na ga wasunku ranar wannan darasi suna wurin cin abinci. Gidan shi ne ƙwayar halitta. Baƙon shi ne ositosin, ɗan guntun furotin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi, irin waɗanda ake kira neropeptid. Tsohon zaure shi ne mai karɓar saƙo, yana kafe a bangon ƙwayar, rabinsa waje rabinsa ciki. In saƙon ya manne masa ta waje sai siffarsa ta sauya ta ciki. Wanda ke bayansa shi ne furotin G. Yana zaune riƙe da wani sinadari, GDP. Da an taɓa shi sai ya saki wannan ya ɗauki GTP, ya rabu da abokan zamansa, ya je ya tada wani sinadarin aiki a bangon. Wannan ya aika a buɗe ma'ajiyar kalsiyom da ke cikin ƙwayar. Kalsiyom ya watsu, ƙwayar ta tsuke, ta matso madara. Shi furotin G da kansa yake mayar da GTP ɗin GDP, ya kashe kansa ya koma mazauninsa, shi ya sa saƙo ke da farko da ƙarshe. In aka cika wa ƙwayar saƙo ba ƙaƙƙautawa, sai ta rage masu karɓa, ta janye su ciki, har ɗan abin da saniya ke aikowa da kanta ya daina isa. Ga kuma tsoro, wanda ke hana ƙwaƙwalwa aiko saƙon tun daga tushe. Kyauta duka biyun suka haɗu mata.

Na ce a daina allurar ɗungum, masu amsa sallama za su komo da kansu in an bar su. Alhaji ya haɗiye wannan da ƙyar. Na ce shi da motonsa kada su kusanci gidan lokacin tatsa. Ya dube ni ya ce, "Gidan uwata?" Na ce gidan uwarsa. Sannan na tambayi inda fatar maraƙin take, domin a wurin aikina na farko na ga makiyaya na cusa wa fatar ɗan da ya mutu ciyawa, su tsayar da shi gaban uwar, ta sansana ta lasa, ƙwaƙwalwarta ta aiko saƙon da kanta.

Nan fa Alhaji ya miƙe tsaye, har hularsa ta gogi rufin zaure.

"Gunki? Gunki za ka kahe min cikin gida? Ni da na je Makka? Gobe a ce Tabawa ta koma ma abin da kakanni sunka bari! Gwamnati ta ba ka allura, kai ka zo min da tsahi!"

Iya tana bakin ƙofa, ashe duk tana ji. Ta ce, "Lawali, ba tsahi ba ne. Ina yarinya na ga Hulani na yi. Na so in hwaɗa maka tun hwarko, na ga ka riga ka sayo magani."

Shi dai ba ya musu da ita. Ya fita ya tada moto da ƙarfi, saniya ta zabura a turke.

Fatar kuma ba ta gida. An shanya ta ta bushe, wani maƙwabci mai amalanke ya roƙa yana zama a kai, kuma ranar ya yi lodin kara ya nufi garin Sarkin Hausa. Na bi shi cikin rairayi, moto na tafiya ina taya shi da ƙafa. Na cim masa a wata rijiya yana shayar da jaki. Na yi masa bayani, ya saurara da kyau, sannan ya ce shi bai ƙi ba, amma jikinsa ya riga ya saba da wurin. Sai da na kwance soson da nake ɗaurawa bisa sirdin motona na ba shi. Na komo Tchaké ina jin kowane rami har tsakar kaina.

Washegari na jiƙa fatar kaɗan don ta yi laushi, ban wanke ta ba don kada ƙamshin ya tafi. Iya ta kawo ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, na sassaƙa itace huɗu na ƙafafu. Ina cikin ɗinki, gumi na zuba, na ji mota ta tsaya waje. Ashe Alhaji ya buga wa Doktor waya ya kai ƙarata, ita kuma dama tana zagayen duba ma'aikata a yankin, ta ratso.

Ta tsaya kaina ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Isufu, c'est quoi ça? Mine ne wannan?"

Na ce, "Maraƙi ne, Doktor."

"Na gode da ka hwaɗa min. Da na ce kujera ce ta sha wahala."

Gaskiya ƙafar baya ɗaya ta fi sauran tsawo, wuyan kuma ya karkace kamar mai sauraron gulma. Na ba ta bayanin abin da na gani da abin da na yanke. Ta je ta duba saniyar da kanta, ta shafa kumburin. Ta karɓi kwalbar daga hannun Alhaji, ta ce wannan magani a sanyi ake ajiye shi, ba a aljihu cikin zafin bazara ba, kuma ba abin caka wa dabba kullum ba ne. Ta jefa ta cikin jakarta. Alhaji ya buɗe baki, yana jiran a kore ni aiki, sai ya ji ta ce, "Alhaji, ma'aikacina ya yi daidai. Ɗinkin ne kawai bai iya ba."

Ta nemi ya ba mu lokaci. Ya ce shi ya riga ya yi magana da mahauci, ba ya mayar da magana, amma ran kasuwa da safe zai zo ya gani da idonsa. In babu madara, igiya. Iya ta ci gaba da miƙo mini ƙaiƙayi. Doktor za ta shiga mota na tambaye ta me zan rubuta a rahoto. Ta ce in rubuta gaskiya, amma kada in sa hoto.

Safiyar farko da muka tsayar da maraƙin, Kyauta ta sansana shi, ta ja baya, ta sa ƙaho ta watsar da shi gefe. Matan unguwa da suka leƙo ta saman danga suka fashe da dariya. Kafin azahar na sami sabon suna a gari, Uban Maraƙi, kuma har na bar Tchaké da shi ake kirana. Muka tada shi, Iya ta shafa masa ruwan kanwa da gishiri a baya. Ni ma na koma bayan danga, don saniyar ta gane ni ne mai ma'aunin zafi, ba ta yarda da ni ba. Kullum Iya na tatsa a hankali don kada hantsar ta ƙafe, tana samun abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Saniya ta daina tunkuyin maraƙin, amma ba ta kula shi.

Ana gobe kasuwa na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Littafi ya ce masu karɓar saƙo na komowa, bai ce za su komo kafin kasuwar Alhaji ba. Na ce wa Iya mai yiwuwa abin ba zai yi ba. Ta ce, "To, ɗana, ka yi iyakar taka." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe ina tsaye bayan danga sai ga Alhaji a ƙasa, ba moto, da sabuwar igiya a hannu. Ya bar mahauci bakin gari. Ya tsaya kusa da ni, muka gaisa. Ta tsakanin kara muna hangen Iya. Ta jawo maraƙin ta tsayar gaban saniya, ta zauna bisa 'yar kujerarta, ta aza goshi a cikin Kyauta tana yi mata magana ƙasa ƙasa. Gari shiru, sai kaji.

Saniya ta sunkuyar da kai. Ta sansana wuyan nan karkatacce, ta daɗe. Sai ta yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, irin wanda ba sa yi sai ga ɗansu, ta zaro harshe ta fara lasa. Ta lasa har maraƙin na tangaɗi bisa doguwar ƙafarsa. Ina kallo kan nonon ya cika ya miƙe, wanda Iya ba ta taɓa ba ma ya fara ɗiga. Sannan muka ji ƙarar madara a ƙwarya, da farko siririya, daga baya mai kauri, irin ta ƙwaryar da ke cika.

Ni da ba na iya riƙe farin ciki, na raɗa wa Alhaji, "Ka ji? Tsoho ya komo zaure." Da ta ƙare na leƙa ta saman danga ina washe baki na ce, "Iya, mun yi mata wayo!"

Iya ta aje ƙwaryar, ta rufe da faifai. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Wane wayo, ɗana? Ta san ya mutu. Gabanta anka hita da shi. Ƙamshinai kawai taka so ta ji." Ta shafa wuyan saniyar. "Ni ma hular wan Lawali na nan cikin tukunyata. Bai kai yaye ba Allah ya amshi abinai. Wani lokaci ina hiddo ta in sansana. Ba wai ban san ba ya komowa ba."

Dariyar da ke bakina ta tsaya. Na juya wajen Alhaji. Mutumin da ke da gemu da furfura, ashe bai taɓa sanin da hular ba. Ya dubi igiyar da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi riƙo, ya naɗe ta ya tura cikin aljihun babbar riga. Ya zagaya ya shiga gidan a hankali, ya durƙusa daga nesa, inda saniyar ba za ta tsorata ba, ya ce, "Iya, an tashi lahiya?" Ta ce, "Lahiya lau. Zo ka sha, tun da ɗuminta."

Mahauci ya gaji da jira ya tafi kasuwarsa. Da Alhaji ya rako ni ƙofa, ya riƙe hannuna ya yi godiya sosai, sannan ya rage murya ya ce, "Amma likita, ko 'yar ta bitamin ba ka yi mata? Don dai mutane su ga an yi aiki." Na ce a'a. Har yau ina jin bai yafe mini wannan ba.

Abin da na ɗauka daga ranar, wanda nake so ku ɗauka, shi ne kafin ka zaro allura ka tambayi kanka ko jikin na da mai amsawa, kuma me ya sa ya daina amsawa. Karatunmu gaskiya ne, na gan shi da idona tun daga ƙofa har rumbun kalsiyom. Amma abin da ke sa a aiko saƙon tun farko, sau da yawa yana wurin mai dabbar, kuma ba za ta gaya maka ba in ta ga ka riga ka buɗe jaka. Mutanenmu na son allura don suna son a ga sun yi wa nasu wani abu. Kada ku raina su kan haka, ku dai nuna musu wani abin da za su yi.

Kyauta ta sake haihuwa, 'yar maraƙa, ta rayu. Ba a ƙara bukatar ɗinkina ba, kuma ba wanda ya yi kewarsa. An daɗe da canja ni daga Tchaké, amma kwanan baya na haɗu da mai amalanken nan a Mayahi, har yanzu bisa sosona yake zama. Ya ce mini Iya Tabawa na nan da ranta. Ya ce in Alhaji Lawali ya zo gaishe ta daga Tasawa, a bakin rijiya yake kashe moto, ya turo shi da hannu har ƙofar gida.